Yadda Ake Sauraron Faifan "A Love Supreme" na John Coltrane Kafin a Yi Masa Sharhi

Faifan da sunansa ya riga sautinsa isa kunnen mutum yana da wuyar sauraro. Wanda ya ji an ce A Love Supreme yana cikin manyan faya-fayan jazz, wato salon kiɗan da baƙaƙen Amurka suka ƙirƙiro, yakan kunna shi da hukuncin wasu a aljihu, sai ya yabi abin da bai ji ba, ko kuma ya gaji a minti na biyar ya ce zuzutawa ce kawai. Maganin duka biyun shi ne a saurare shi sau huɗu, kowane karo da aikinsa daban, a ajiye karatun sharhin masana sai kunne ya gama nasa. Tsawon faifan kusan minti 33 ne, saboda haka yamma biyu sun isa a yi aikin duka.

Abin da za ka sani kafin ka kunna

An ɗauki faifan a dare ɗaya, ranar 9 ga Disamba 1964, a ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs a jihar New Jersey ta Amurka. Bob Thiele ne ya kula da aikin a madadin kamfanin Impulse!, aka fitar da shi a farkon 1965. Mutum huɗu ne suka yi kiɗan. Coltrane yana busa saksofon mai matsakaiciyar murya da ake kira tena. McCoy Tyner yana kan fiyano. Jimmy Garrison yana riƙe da bes, wato ƙatuwar goge mai tsirkiya huɗu da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinkar tsirkiyar da yatsu. Elvin Jones yana kan ganguna.

Kiɗan guda ɗaya ne da aka raba kashi huɗu: Acknowledgement, Resolution, Pursuance da Psalm. Ma'anarsu a jere ita ce amsa ni'ima, ƙulla niyya, dagewa a kan hanya, sai waƙar yabon Ubangiji. Kashi na uku ya fi minti 10, sauran kowanne minti 7 da 'yan kai. A faifan garmaho na asali kashi biyu na farko suna fuska ɗaya, biyun ƙarshe suna ɗaya fuskar, kuma na uku yana zarcewa cikin na huɗu ba tsayawa. Idan manhajar da kake sauraro da ita tana cakuɗa jerin waƙoƙi ko tana saka talla a tsakani, gyara wannan tukuna, domin kowane kashi yana miƙa wa na gaba hannu ne.

Kayan sauraro

A nan ne mutane da yawa suke yin asara ba su sani ba. Sifikar waya ba ta iya fitar da ƙananan sautuka masu kauri, kuma ginshiƙin kashi na farko yana hannun bes. Wanda ya saurara da sifikar waya zai ji busa da ƙarar farantan ƙarfe na mai ganga, ƙasan kiɗan kuwa ya ɓace masa. Nemi abin sauraro mai rufe kunne biyu, ko sifika biyu da aka raba dama da hagu.

Kunne biyu wajibi ne. A ɗaukar sitiriyo ta wannan faifai an ajiye saksofon a ɓangaren hagu, ganguna a dama, fiyano da bes a tsakiya. Mai saka iyafis ɗaya a kunne ya bar ɗayan yana lilo ya zubar da Coltrane ko ya zubar da Jones, alhali muhawarar da ke tsakanin su biyun ita ce rabin faifan. Kashe duk wani saitin ƙara kaurin sauti da ke cikin waya, domin yana kumbura bes har sautukansa su narke cikin juna. Ƙarar kuma ka daidaita ta a kan wurin da ya fi tsanani, wato tsakiyar kashi na uku, kada ka riƙa taɓa ta bayan haka. Tashi da faɗuwar ƙarfi suna cikin abin da makaɗan suka tsara.

Wace fitarwa za ka nema? Faya-fayan CD na farko an yi su ne daga kwafin tef wanda aka riga aka matse sautinsa. Fitarwar 2002 ta yi amfani da wani kwafi mai tsafta da aka aika Landan tun 1965, kuma Van Gelder da kansa ya sake gyara ta. Ita, ko ta 2015 mai suna The Complete Masters, sun wadatar. Ka tabbata dai kashi huɗun asali kake ji a farko, domin waɗannan fitarwar suna ɗauke da gwaje-gwajen da ba a saka a faifan ba.

Karo na farko: kada ka riƙe biro

Zauna ka ji shi daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, ba komawa baya. Bayan ya ƙare, rubuta layi uku ko huɗu: ina hankalinka ya tsaya, ina ya gudu, ina ka ji nauyi. Kada ka gyara su. Za su yi maka amfani daga baya, domin wurin da hankali ya gudu a karon farko sau da yawa shi ne wurin da kunne bai gano tsarin ba tukuna.

Karo na biyu: bi sautuka huɗu

Faifan yana buɗewa da dukan ƙaton farantin ƙarfe da Jones ya yi, sai Coltrane ya yi gajeriyar busa kamar mai shela. Wajen rabin minti Garrison zai shigo da sautuka huɗu, waɗanda a kiɗan Turawa ake kira F, A-filat, F, B-filat. Ka lura cewa sautuka uku ne a zahiri, domin na farko ya dawo a matsayi na uku. Rera su da bakinka har su zauna maka. Waɗannan huɗun su ne gaɓoɓi huɗu na sunan faifan, kuma daga gare su aka gina kusan komai.

Yanzu bi busar Coltrane a kashi na farko kana riƙe da su a zuciya. Za ka ji yana ɗaukar ɗan guntun kari mai sauti uku ko huɗu yana juya shi, ya hau da shi, ya sauko, ya matse shi, ya ja shi. Can sama muryar saksofon takan yi kaushi har ta tsage. Wannan ba kuskure ba ne. Mabushin yana matsa ɗan siririn karan da ke bakin kayan busar yana sauya yadda iska ke bi ta maƙogwaro don ya wuce iyakar da maɓallan suka tanada, kuma Coltrane ya shafe shekaru yana horar da kansa a kan haka.

Wajen minti na 5 sai abin ya sauya. Ya daina yawo, ya kama sautuka huɗun nan kaɗai yana maimaita su, amma kowane karo daga wani mazauni daban, har ya ratsa dukkan mazaunan sauti 12 da kiɗan Turawa yake da su. Sabon mai sauraro yakan ɗauka ya ɓata hanya ne yana lalube. Saurari Tyner da Garrison a wurin: suna bin sa, suna sassauta ƙasa don ya samu wurin taka. Daga nan ya dawo gida, ya haɗu da bes a kan F. Jim kaɗan bayan minti na 6 sai murya ta shigo tana furta sunan faifan sau 19. Za ka ji kamar mutum fiye da ɗaya ne. Muryar Coltrane ce aka ɗora a kan kanta bayan ɗaukar farko. Gab da ƙarshe furucin zai sauka ƙasa da taki ɗaya, daga F zuwa E-filat, kuma a E-filat ɗin kashi na biyu yake zaune. Wannan saukar ita ce ƙofa tsakanin kashin biyu, kuma mai sharhin da ya ji ta ya fara fahimtar cewa tsararren gini yake sauraro.

Abin lura a nan shi ne tsarin ya zo a juye. A al'adar jazz ana fara gabatar da uwar karin ne, sannan a yi ta ƙirƙira a kanta. A wannan kashi Coltrane ya bar bes yana riƙe da ita, shi kuma bai busa ta a fili ba sai da ya gama kewaye, kalmominta kuma sai a ƙarshe aka ji su.

Karo na uku: manta da saksofon

Wannan karon ya fi wuya, kuma ya fi riba. Ka mayar da kunnenka kan mutum ukun da ke baya.

Kashi na biyu yana farawa da Garrison shi kaɗai, yana tsinkar tsirkiya biyu a lokaci guda, a hankali, sannan busa ta faɗo da ƙarfi daga sama. Uwar karin tana da awo 8, kowane awo bugu huɗu, kuma ana maimaita ta kafin a ba Tyner fage. Ƙirga da yatsa: ɗaya, biyu, uku, huɗu, sau takwas, sai ta dawo. A fagen Tyner saurari hannunsa na hagu. Yana dukan sautuka masu kauri a ƙasa, sannan ya jera wasu a tazarar huɗu-huɗu maimakon uku-uku da aka saba. Wannan jeri ba ya ɗaure mabushi a mazauni ɗaya, shi ya sa Coltrane yake iya fita ya dawo ba tare da an ji karo ba.

Kashi na uku yana buɗewa da Jones shi kaɗai na kusan minti ɗaya da rabi. Bayan haka abin da ke tafe tsarin kiɗan da ake kira blues ne, mai awo 12, a B-filat, da gudu mai tsanani, har zagaye ɗaya yakan ƙare cikin daƙiƙa goma da 'yan kai. Kuskuren da ake yi shi ne ƙoƙarin ƙirga da ganga. Jones ba ya ajiye bugu a fili yadda yawancin makaɗa suke yi. Yana raba kowane bugu uku, yana rarraba nauyin tsakanin hannuwa da ƙafafu, har ka ji kamar kiɗa biyu ne suke tafiya a kan juna. Kunnen da ya saba da taron makaɗa inda kowace ganga take da nata zance ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai duka a jikin mutum ɗaya suke. Don ƙirga, bi bes, domin Garrison yana taka kowane bugu. Idan gudun ya fi ƙarfinka, ƙirga ɗaya a kowane awo, ka ga ko za ka kai 12 daidai lokacin da zagayen ya dawo. Ba a samun sa a gwajin farko, kuma ba komai.

Tyner ne yake fara shiga fage a wannan kashi, sannan Coltrane. Lura da yadda ƙarfin Jones yake ƙaruwa da zarar busa ta shigo. A ƙarshe komai zai lafa a bar Garrison shi kaɗai na wasu mintuna. Masu gaggawa sukan tsallake wurin. Kada ka yi, domin shi ne yake sauko da numfashin mai sauraro daga gudu zuwa natsuwar da kashi na huɗu yake bukata.

Karo na huɗu: riƙe takardar cikin faifan

A cikin bangon faifan Coltrane ya rubuta wasiƙa zuwa ga mai sauraro, inda ya ce a 1957 ya samu farkawa ta ruhi da ikon Allah, kuma wannan aiki godiya ce. A shekarar ce makaɗin jazz Miles Davis ya sallame shi daga ƙungiyarsa saboda shaye-shaye, sai Coltrane ya daina, ya koma aiki tare da mai fiyano Thelonious Monk. Tare da wasiƙar akwai rubutacciyar waƙa ta yabon Ubangiji. Nemo hoton wannan shafi ka ajiye a gabanka kafin ka kunna kashi na huɗu.

A Psalm babu bugun da za ka ƙirga. Jones ya koma kan tambura na Turawa da farantan ƙarfe yana ta da guguwa a hankali, fiyano da bes suna shimfiɗa. Abin da saksofon yake yi shi ne karanta waƙar nan, gaɓa da gaɓa, ba tare da furta kalma ba. Masanin kiɗa Lewis Porter ne ya bi layi-layi ya nuna haka a wani nazari da ya wallafa a 1985. Fara daga kan waƙar, ka sa yatsa a kan kowace gaɓa, ka matsa duk lokacin da busa ta sauya sauti. Inda layi ya ƙare za ka ji ya ja numfashi. Akwai gajeren furucin godiya ga Allah mai gaɓa uku da yake ta dawowa a waƙar, kuma kusan duk lokacin da ya zo busar tana saukowa ta zauna a sautin gida. Idan ka ɓace, jira wannan saukar ka sake kama layi.

Bahaushe ya san kayan kiɗa mai magana. Kalangu yana faɗin take, algaita da kakaki suna kirari a ƙofar fada, kuma wanda ya san taken yana jin kalmomin sarai. Amma akwai bambancin da ya kamata mai sharhi ya kiyaye. Kalangu yana bin hawa da saukar muryar Hausa ne, domin a harshenmu karin sauti yana rarrabe ma'ana. Ingilishi ba haka yake ba, saboda haka Coltrane yana bin adadin gaɓoɓi da nauyinsu da inda ake numfasawa, hawa da saukar kuwa ya ɗauko su daga salon masu wa'azi a majami'un baƙaƙen Amurka, inda mai wa'azi yake ɗaga murya mataki-mataki sannan ya sauke. Kakanninsa biyu duka limaman coci ne a North Carolina. Wanda bai riƙe takardar ba ba zai iya ciro kalmomin daga busar ba, yadda ake ciro take daga kalangu.

A daƙiƙun ƙarshe za ka ji busa ta biyu ta shigo kusa da ta farko. Ita ma ɗorawa aka yi. Fitarwar 2015 tana da wannan kashi ba ɗori, idan kana son kwatantawa.

Yanzu ka karanta abin da aka faɗa

Ka karanta sharhi da shekararsa a hannu. A 1958 Ira Gitler ya siffanta busar Coltrane da shimfiɗun sauti saboda yawan sautukan da yake zubawa a numfashi ɗaya. A ƙarshen 1961 John Tynan ya rubuta a mujallar DownBeat cewa abin da Coltrane da abokin busarsa Eric Dolphy suke yi kishiyar jazz ne, har a 1962 mujallar ta ba su biyun fili suka mayar da martani. Wato lokacin da wannan faifai ya fito, masu sharhi sun riga sun rabu biyu a kan mutumin.

A Love Supreme ya haɗa kan mafi yawansu. DownBeat ta ba shi taurari biyar, wato maƙurar ma'auninta, kuma a ƙuri'ar masu karatunta ta 1965 aka zaɓe shi faifan shekara, aka kuma saka Coltrane a jerin gwarazan mujallar. An tsayar da shi takarar kyautar kiɗa ta Grammy a rukuni biyu, bai ci ko ɗaya ba. Akwai kuma waɗanda ba su sauko ba. Philip Larkin, mawaƙin Ingila da ya yi shekaru yana sharhin jazz a jaridar Daily Telegraph, bai taɓa son muryar busar Coltrane ba, yana jin ta da kaushi da tsawaitawa. Karanta irin wannan suka da gaske, sannan ka koma minti na 3 zuwa na 5 na kashin farko ka auna da kunnenka ko kaushin yana aiki ko yana ɓata wuri. A ganinmu yana aiki, domin natsuwar da ke biyo baya daga gare shi take samun nauyinta, amma hukuncin da ka kai da kunnenka ya fi wanda ka ara.

Yabon da ya zo daga baya iri daban ne. Mujallar Rolling Stone ta sa shi na 47 a jerin faya-fayai 500 na 2003, ta mayar da shi na 66 a jerin 2020. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya shigar da shi rajistar sautukan da ake adanawa a jerin 2015, kuma a 2021 aka tabbatar cinikinsa ya kai matakin miliyan ɗaya a Amurka. Waɗannan suna nuna matsayin faifan a idon jama'a. Ba su gaya maka komai game da abin da Garrison ya yi a ƙarshen kashi na uku ba.

Rubuta naka

Kowace magana ta yabo ko suka ka ɗaura mata wuri: wane kashi, wane minti, wane kayan kiɗa. Cewa busar tana taɓa zuciya ba ta amfani mai karatu. Cewa a minti na 5 mabushin ya zagaya da sautuka huɗu ta mazaunai 12 kafin ya furta su da baki, wannan abu ne da mai karatu zai je ya duba. Dawo da layukan da ka rubuta a karon farko ka ga wanne ya tsaya, wanne ya faɗi, ka faɗi dalili.

Kurakurai uku ne suka fi yawa. Na farko, a cika sharhin da tarihin rayuwar Coltrane har kiɗan ya rasa wuri. Sakin layi ɗaya ya isa. Na biyu, a rubuta kamar shi kaɗai ya yi faifan. Ya ba abokan aikinsa umarni kaɗan ne, mafi yawan abin da suka kaɗa nasu ne, kuma sun shafe kusan shekara uku suna aiki tare a wannan tsari kafin daren.

Na uku ya fi bukatar hattara, wato liƙa wa faifan addini guda. Coltrane ya tashi a gidan Kirista. Matarsa ta farko, Naima, Musulma ce, Tyner ma Musulmi ne, kuma shi kansa ya yi ta karatun littattafan addinai daban-daban. Wasiƙarsa tana magana a kan Allah ba tare da ta ambaci wata ɗariƙa ba. Faɗi abin da ya rubuta da abin da aka ji, ka tsaya nan.

Idan kana son sharhin ya yi zurfi, kwatanta da abin da ke kewaye da shi. Crescent, faifan da mutum huɗun suka ɗauka a watannin Afrilu da Yuni na 1964, zai nuna maka inda suka fito. Washegarin ɗaukar, 10 ga Disamba, Coltrane ya sake gwada kashin farko da ƙarin Archie Shepp a saksofon da Art Davis a bes, amma bai saka shi a faifan ba. Saurare shi ka tambayi kanka me ya ƙaru, me ya ragu da aka zama shida. Akwai kuma ɗauka biyu na gaban jama'a: ta bikin jazz na Antibes a Faransa ranar 26 ga Yuli 1965, mai kusan minti 48, da ta Seattle ranar 2 ga Oktoba 1965 tare da Pharoah Sanders da wasu, wadda ta haura awa ɗaya kuma ba a fitar da ita ba sai 2021. Fara da ta Antibes, domin mutum huɗun nan ne ba ƙari, ka saurari kashi na uku kaɗai, ka ƙirga zagaye nawa Coltrane ya yi a can da nawa ya yi a ɗakin Van Gelder.